Me ya sa shagunan kamfanoni suka zama kufai a Second Life?

Mai Tambaya:
Jama'a, a 2006 kamfanoni sun yi ta rububin buɗe shaguna a Second Life, wata ƙirƙirarriyar duniya ta intanet da mutane ke shiga su yi hulɗa. Kamfanin tufafi na American Apparel ya shiga, a 2007 ya rufe. Me ya kashe kasuwar?

Mai Zane:
Malam, gini suka yi suka kama gabansu. Tsibiri a keɓe, ba mai tarbar baƙo, ba wasa, ba taro. Mutum ya leƙa sau ɗaya, shi ke nan. Ga kuma iyakar na'ura: a lokacin, yanki ɗaya na Second Life ba ya ɗaukar fiye da mutum 100, kafin a kai haka ma hoto ya fara sarƙewa. Kuɗin hayar fili kuwa duk wata sai an biya.

Hajiya Tela:
Ƙari a kan haka, mazauna wurin sun riga sun ƙware wajen ƙera tufafinsu suna sayar wa juna. Kamfani ya kawo kwafin rigar shagonsa, wa zai saya?

Ɗan Talla:
Gaskiya ne, Hajiya. Dubi Gucci Garden, baje kolin da kamfanin kayan ƙawa na Gucci ya yi a dandalin wasanni na Roblox a 2021: mako biyu kacal, kaya ƙayyadaddu, cikin dandalin da jama'a suke tun farko. Wajen auna nasara kuma, a ƙirga masu dawowa da mintunan da suke yi, yawan masu leƙowa yaudara ne.