Dambel ko dogon ƙarfe? Gardamar 'yan ɗaga ƙarfen Unguwar Rogo

Habu: Salamu alaikum. Sanyin Jos ya hana ni fita jim, wato gidan motsa jiki, da asuba, ga kuɗin wata, ga na keke. Na ɗan tara abin da ya sawwaƙa, ina so in ajiye ƙarfe a gida, amma kuɗin ba zai kai in sayi iri biyu ba. Dambel zan ɗauka, wato gajeren ƙarfen nan da ake riƙewa da hannu ɗaya, ko dogon ƙarfe da faifansa?

Oga Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan har tambaya ce? Duk wanda ba shi da dogon ƙarfe wasa yake yi. Dambel kayan ɗumama jiki ne kafin a fara aiki. Tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, turi a kan benci, ɗagowa daga ƙasa, waɗannan ukun su ne ginin jiki, kuma da su ake gasar ƙarfi a duniya. Duka da dogon ƙarfe ake yi.

Malam Nura: Oga, a yi haƙuri in tsoma baki. Mutumin nan cewa ya yi a gida, bai ce gasa zai shiga ba. Dogon ƙarfe irin na gasa tsawonsa mita 2.2, nauyinsa kilo 20 tun ba a sa masa komai ba. Na mata ma kilo 15 ne, kuma ya ɗan haura mita 2. Ɗakunanmu na haya yawanci sha biyu sha biyu ne, wato wajen mita 3.6. Ka cire gado, ka cire sif, sannan kana buƙatar wurin tsayawa a kowane gefe don zura faifai. Ina zai shiga?

Oga Ɗanladi: Sai a fito da shi tsakar gida.

Habu: Gidanmu mu shida ne masu haya, Oga. Igiyar shanya ma rigima ake yi a kanta.

Oga Ɗanladi: To ku ji. Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar garin nan ce. A gasar nakasassu ta Paris a 2024 ta tura kilo 167 tana kwance a benci, ta ci zinare, ta kafa tarihin duniya. Ku gaya min da dambel ta kai nan.

Sadi Mai Walda: Allah ya ƙara mata lafiya. Amma Oga ka sake kallon bidiyon, akwai ƙarti tsaye dama da hagu suna jiran ƙarfen ya gagare ta su cafe. Shi Habu wa zai tsaya masa ƙarfe biyar na asuba? Amarya?

Ni ganau ne. Shekarun baya na haɗa wa kaina benci a bayan shago, ina turawa ni kaɗai bayan isha'i. Na ce bari in ƙara ɗaya, hannu ya ce ya gama. Ƙarfen ya sauko ya zauna min a ƙirji, numfashi ma da ƙyar, balle ihu. Kuma na ɗaure bakinsa tam da makulli, faifan ba za su zame ba. Da mirginawa na gangaro da shi kan ciki har zuwa cinya, sannan na iya tashi zaune. Sati biyu haƙarƙarina yana tuna min. Da dambel ne, sakinsu zan yi gefe in miƙe abina.

Oga Ɗanladi: Wannan gangancinka ne, ba laifin ƙarfe ba. Wanda zai tura shi kaɗai ba ya sa makulli, in ya maƙale sai ya karkata gefe guda faifan su zube. Ko kuma ya yi maratayi mai hannuwa biyu a daidai ƙirji, ƙarfen ya sauka a kansu. Kai da kake walda ma ka fi kowa sanin haka.

Sadi Mai Walda: Yanzu na sani. Amma ka ga lissafi ya canja: dogon ƙarfe, faifai, benci, ga maratayi. Yaron nan cewa ya yi kuɗinsa kaɗan ne.

Malam Nura: Gaskiya ɗaya zan bai wa Oga, kada a ce na yi son kai. Wajen ƙara nauyi sannu a hankali, dogon ƙarfe ya fi. In kana tura kilo 60 ka ƙara faifan kilo 1.25 a kowane gefe, ƙarin wajen kashi 4 cikin ɗari ne kawai, jiki zai karɓa. Amma dambel ɗin da aka zuba a dunƙule, daga kilo 10 sai ka tsallaka 12.5, kashi 25 ke nan a tashi ɗaya. Nan mutane suke tsayawa wata da watanni. Shi ya sa in dambel ne, a sayi mai kwancewa wanda ake sa wa faifai ana cirewa.

Oga Ɗanladi: Yauwa, ka fara dawowa hanya. Ƙafa fa? Cinya ta fi hannu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka riƙe dambel kana tsuguno, yatsunka za su saki tun cinyar ba ta san an fara ba.

Malam Nura: Sai a yi da ƙafa ɗaya. Ka ɗora ta baya a kan kujera, ka riƙe kilo 15 a kowane hannu, ka sauka goma. Oga ka gwada gobe, in ka iya hawa matakalar masallaci jibi ba ka dafa bango ba, na ba ka gari.

Kawu Isa: Yara, ina karanta ku ina dariya. Mu a zamaninmu siminti muke cusawa a gwangwanin fenti mu soka bututun ruwa a tsakiya, ko mu je Dilimi mu tsinto tsohon ƙarfen mota. Ni yanzu kafaɗar dama ba ta yarda da dogon ƙarfe, don yana ɗaure hannu biyu a hanya guda. Dambel yana barin kowane hannu ya bi inda gaɓarsa take so, kuma da shi na gane hagun ɗina ashe rago ne, shekara da shekaru dama ke rufa masa asiri. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya motsa manyan tsokokinsa aƙalla kwana 2 a sati. Ba ta ce da wane ƙarfe ba.

Habu: Kawu, Allah ya ƙara girma. To in yi na simintin mana, in huta da kashe kuɗi?

Kawu Isa: Ɗana, araha ba ta ado. Gwangwani mai lita 4 in ka cika shi da kankare zai ba ka kusan kilo 10, amma girmansa ya ninka na ƙarfe mai nauyinsa wajen sau uku, yana dukan cinya. Kuma da wuya biyu su zo daidai. In ka nace, kai su sikelin masu hatsi a Katako a auna maka. Ranar da ya suɓuce kuma, ko ya fashe ko ya fasa tayil, kai da mai gida.

Sadi Mai Walda: Abu guda kafin ka biya ko sisi: duba ramin faifai. Akwai mai milimita 25 ko kusa da haka, akwai na gasa mai 50. An sha kawo min na gwanjo, an sayi sanda daban faifai daban, sun ƙi shiga juna. Ka tsaya a kan ƙaramin rami, don yawancin dambel mai kwancewa shi yake ci. Ran da ka samu fili sai ka sayi dogon ƙarfe mai kaurin nan, faifanka na nan.

Habu: Na tashi na auna da tef ɗin ɗinkin uwargida. Daga sif zuwa bango mita 1.9 ne. Ko ƙarfen kaɗai ba zai kwanta ba. Dambel mai kwancewa zan saya, biyu.

Oga Ɗanladi: Ba komai. Na ba ka wata shida, za ka zo kana sallama a ƙofar gidana kana neman aron nawa.

Habu: In na zo ka tsaya min a kai, Oga, kada in yi irin ta Sadi.

Sadi Mai Walda: Ni dai in kana son benci, kawo faifan shago in gani tukuna. Kuma ka nemi tsohuwar taya ko katako mai kauri ka shimfiɗa a ƙasa, don na ƙasanku ma'aikacin dare ne, da asuba yake kwanciya.