Tsohon tarago da sabo: wa ya hau duka biyun?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na dawo daga Abuja a jirgin ƙasa, daga tashar Idu zuwa ta Rigasa a Kaduna, kilomita 186 cikin awa biyu da 'yan kai. Tun da aka buɗe layin a 2016 sai jiya na hau. Abin da ya tsaya mini a rai taga ce. Na yi ta laluben inda zan kama in ɗaga ta, sai wani yaro a gefena ya ce, "Baba, ai ba ta buɗuwa." A jirgin Kano zuwa Legas da na sani, ta taga ake kasuwa: a Zariya ka sayi rake, a Jebba kifi, ka miƙa kuɗi jirgi na tafiya, mai talla na binka da canji. Ku da kuka hau duka biyun, me kuka gani?

Dattijon Tasha:
Wa alaikumus salam. Malam, dole ne a rufe ta, in ba haka ba sanyin na'ura ba zai zauna ba. Ni abin da na fara lura da shi faɗi ne. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 tazarar ƙarafansa milimita 1,067 ce, sabon kuwa 1,435. A tsohon, in an sha kwana sai ka dafe kofin shayinka. A sabon na ɗora kofi a ɗan teburin nan na bayan kujera, har muka wuce Kubwa bai zube ba. Amma ku daina yi wa tsohon kirari. Mun yi kwana da yini a hanyar Legas, muka sauka kamar an tono mu, ƙura har cikin kunne.

Hajiyar Kawo:
Ni dai wanda ya zana taragon nan bai taɓa rakiyar amarya ba. Kantar kayan da ke sama ta mai ƙaramin akwati ce. Na zo da gana-mas-go biyu da daro, ɗaya jakar ta ƙi shiga, haka na rungume ta kamar jaririya har Idu. Sannan sanyi! Jikata tana ta karkarwa, mayafina na cire na lulluɓe ta. Duk mai zuwa da yara ya riƙo rigar sanyi ko da a watan Afrilu ne.

Dattijon Tasha:
Hajiya, daro kuma a jirgin zamani?

Hajiyar Kawo:
To Alhaji, a bar wa wa shi?

Abu Sabo Ibadan:
Mu nan na Legas zuwa Ibadan muke hawa, wanda aka ƙaddamar a 2021. Akwai tarago mai kujera 88, akwai mai 24. Na gwada duka. Mai 24 ɗin ka miƙe ƙafa yadda kake so, amma shiru kamar gidan makoki, kowa ya kafa kai a waya. A mai 88 na samu wanda yanzu nake saro masa albasa. Wajen cajin waya kuwa shi ne sabon abin faɗa, saura kaɗan a ba hamata iska a gabana saboda wani ya zare cajar wani. Matsalata alwala: banɗakin ƙarami ne, ba a yi shi don mai buta ba. Yanzu daga tasha nake yin abata.

Ummu Sadik:
Yaya Abu, ko a jirgin Makka zuwa Madina haka na yi. Wancan gudunsa na kai kilomita 300 a awa, taragansa ƙirar Talgo ne na Sifaniya, kina zaune sai ki ga duwatsu na wucewa ba ko girgiza. Amma kaya a ƙayyade suke, jaka babba ɗaya da ta hannu. Tsarabarmu sai a mota ta bi mu. Hajiya, can ba zancen daro.

Ɗan Maraɗi:
Mu dai jira muke layin Kano zuwa Maraɗi ya ƙarasa. Ban taɓa hawa ko ɗaya ba. Tambayata, za a sa taragon kaya a bayan na fasinja? Don mutanenmu ba sa zuwa Kantin Kwari su dawo da jakar hannu.

Baban Hanifa:
Hajiya ki ajiye masa daron nan, zai buƙace shi.