Kasuwar manoma ko likitan yara: ina ya kamata kuɗin gunduma ya tafi?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'ar jihar Maryland ta Amurka. Tunda lokacin kasafin kuɗin gunduma ya kawo jiki, ga ra'ayina. Duk dalar da gunduma ta zuba a kasuwar manoma, a lafiyar ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta zuba ta, kuma ta fi wadda ake biyan masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa amfani. Yaron da ya ƙoshi da abinci mai kyau ba ruwansa da likitan ƙwaƙwalwa.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, maganarka ta ƙarshe ce ta tsaya min a wuya. Yara nawa muka sani a nan, gidansu ba a rasa nama da kayan marmari, amma yaro ya shekara 3 bai fara magana ba? Shi ma kuɓewa za a ƙara masa?

Baban Khalifa: Haba Maman Iman, ai ban ce kuɓewa magani ba ce. Ki duba yadda tsarin yake. Uwa ta je da katin SNAP, na tallafin abinci na gwamnati, ta cire dala 10, a ƙara mata wata 10 ta sayi ganye da tumatir. Kasuwar Crossroads da ke Takoma Park tun 2007 take wannan ninkin, a Detroit ma aka fara irin wannan shirin ninki, Double Up Food Bucks, a 2009. Manomi ya samu ciniki, gida ya samu miya. Wane ofishi ne zai yi miki wannan?

Anti Nas: Ku bari in sa baki, tunda da yara nake aiki. Rabin maganar Baban Khalifa gaskiya ce. Ƙarancin sinadarin ayon a shekarun farko yana taɓa girman ƙwaƙwalwa, wannan ba a jayayya a kai. Kuma tun 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a riƙa tambayar iyaye ko abinci na yanke musu a gida. Amma abin da na fi gani da idona shi ne uwar. Macen da ke lissafin abin da zai kai ta ƙarshen wata ba ta barci, fushinta a kusa yake, yaro ya zubar da madara ta daka masa tsawar da ta fi laifin. Ɗan shekara 2 bai san kuɗi ba, fuskar uwarsa yake karantawa. To idan kasuwa ta sauke mata wannan nauyin, yaro ya amfana. Nan na tsaya da shi. Ɗaya rabin, cewa ba a bukatar likita, ban yarda ba ko kaɗan.

Alhaji Babba: Ni tambayata ɗaya. Kasuwar nan wata nawa take ci? Yawancinsu daga bazara zuwa Nuwamba ne, sanyi na shigowa su naɗe rumfa. Hankalin yaro shi ma hutu yake tafiya a Janairu?

Maman Iman: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ga kuma takardun kasuwa na WIC, wato tallafin abinci na masu ciki, masu jego da ƙananan yara, da aka fara bayarwa tun 1992, a jihohi da dama bai wuce dala 30 ba ga mutum a shekara. Zuwa biyu sun ƙare. Ranar da kasuwar unguwarmu take ci kuwa ina wurin aiki.

Baban Khalifa: To ai hujjata kuka ƙarfafa. Kuɗin ya yi kaɗan, shi ya sa nake cewa gunduma ta ƙara, ta buɗe kasuwar cikin ɗaki lokacin sanyi.

Alhaji Babba: In kuɗi a hannun iyaye kake nufi, sai mu faɗi gaskiya. A 2021 da gwamnatin tarayya ta faɗaɗa tallafin harajin yara, talaucin yara ya sauka zuwa kashi 5.2 cikin ɗari. Da tallafin ya ƙare, a 2022 ya haura 12.4. Wannan shi ne babban kogi. Gunduma ba ta da aljihun yin haka, kada mu ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma kada mu yaudari kanmu da takardar tumatir.

Anti Nas: Akwai abin da babu wanda ya taɓo, kuma namu ne. Gundumomin Maryland suna da shirin Infants and Toddlers, ana duba yaro daga haihuwa zuwa shekara 3 kyauta idan ana zargin jinkirin magana ko tafiya. Mutanenmu ba sa zuwa. Sai a ce ƙiriniya ce, ko nauyin baki ne irin na dangin uba, ko a ce kambun baka ne. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a kai yaro a duba shi ma. Na ga uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki ranar suna don kada a ga yana kaɗa hannu yana toshe kunne. Sai da ya shiga makaranta malamai suka gano, an riga an yi asarar shekarun da taimako ya fi kamawa. Shi ya sa maganar "ya ƙoshi, ba ya bukatar likita" take ba ni tsoro, domin ita iyaye suke son ji.

Baban Khalifa: Anti, kin ɗaure ni da jijiyata. Amma matar da kike magana ba za ta taka ofishi ba, kasuwa kuwa za ta je don yakuwa da attaruhu. Me zai hana ma'aikatan shirin su kafa tebur a can?

Maman Iman: A gaban mutane? Matar da ta ɓoye yaro ranar suna ce za ta tsaya a teburin, ƙawayenta na kallo?

Anti Nas: Ba za ta tsaya ba. Amma in an saka takardar bayanin shirin cikin ledar ganyen kowa, za ta karanta a gida.

Alhaji Babba: In da Turanci ce kawai, an yi aikin banza. Matanmu na Nijar Faransanci suka yi, wasu kuma sai an karanta musu. Baban Khalifa, kai ka tayar da zancen, kai za ka je zaman sauraron kasafin. Ka nemi abu biyun, kasuwar sanyi da takardar, amma ka bar zancen ƙoshi a gida.

Baban Khalifa: Zan je, in sha Allahu. Amma in suka ce ɗaya kawai za su iya, kasuwa zan zaɓa.

Maman Iman: To ni ma zan nemi hutu ranar in zo. Anti Nas, ki turo min lambar shirin ta bayan fage.