Tsara kalandar gida ta 2026: ta ina ake farawa?

Uwargida a Gwale:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Disamba ta kama, ina so mu zauna da maigida mu tsara kalandar gida ta 2026 tun shekarar ba ta shigo ba. Mu takwas ne: mu biyu, yara biyar, da Hajiyarsa. Babban yaron zai rubuta WAEC da JAMB, sauran suna firamare da ƙaramar sakandare, kuma ana sa ran ƙaruwa wajen Afrilu in Allah ya kai mu. Albashi maigida yake ɗauka, yana ɗan noma a ƙauye. Da wane lissafi za mu bi, na Miladiyya ko na Musulunci? A takarda ko a waya? Kuma me ya kamata a rubuta, me za a bari?

Malamin Hisabi:

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raba lafiya. Duka biyun za ki bi, amma a takarda ɗaya. Ki sa Miladiyya ta zama gindi, domin albashi da makaranta da haya da asibiti duk da ita suke aiki. Sai ki ɗora watannin Musulunci a kai da fensir, ba da biro ba.

Dalilin fensir: shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya 365, don haka duk shekara azumi da salloli suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 an ɗauki azumi ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris. In kika cire kwana goma sha ɗaya, na 2026 zai faɗo wajen 18 ko 19 ga Fabrairu. Ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, Babbar Sallah wajen 27 ga Mayu, sabuwar shekarar 1448 a tsakiyar Yuni, Mauludi wajen 25 ko 26 ga Agusta. Duk wannan lissafi ne, hukunci yana ga ganin wata da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Saboda haka kowace ranar Musulunci ki zagaye kwana biyu a jere, in an yi sanarwa ki goge ɗaya. Kada kuma a sa ɗaurin aure ko tafiya mai nisa a ranar da ke maƙwabtaka da su.

Yanzu ki dubi abin da wannan jeri ya haifar. Janairu kuɗin zango na biyu. Fabrairu cefanen azumi. Maris ɗinki da Sallah. Afrilu haihuwa da ragon suna, ga kuɗin zango na uku a ƙarshen watan ko farkon Mayu. Mayu layya. Yuni taki da shuka. Wata shida a jere ba wurin shan iska, sa'annan daga Yuli zuwa Agusta abu ya lafa kafin Satumba ta zo da sabon aji. Wannan shi ne ainihin amfanin kalandar: ki ga cunkoson tun yana nesa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta ranar abu kawai. Ranar Sallah ba mai manta ta, ko ba a rubuta ba. Abin da ake mantawa shi ne ranar fara shiri. Kowane babban abu ki ba shi rana biyu: ranar da zai faru da jan biro, ranar fara shirinsa da shuɗi, kina ƙirgawa baya. Kayan Sallar yara, misali, su isa hannun tela kafin a ɗauki azumi, wato a tsakiyar Sha'aban, makon farko na Fabrairu. Daga goma ga azumi yawancin teloli sun cika, wanda ya karɓa kuma daren Sallah za a kwana a shagonsa.

Abu biyu da ba a ɗora su kan Miladiyya ko kaɗan. Na farko zakkar dukiya: shekararta ta wata ce. Wanda ya ce duk 1 ga Janairu zai fitar, kowace shekara yana jinkirta haƙƙin talakawa da kwana goma sha ɗaya. A rubuta ranar da dukiyar ta kai nisabi da watan Musulunci, in ta zagayo a fitar da ɗaya bisa arba'in. Na biyu ramuwar azumi: Rajab zai kama wajen 21 ga Disamba, Sha'aban wajen 20 ga Janairu, ga sanyi ga gajartar yini. Duk mai bashin azumi a gidan a rubuta masa kwanakinsa a nan. Zakkar fidda kai kuwa sa'i ɗaya ce ga kowane kai, mudun Annabi huɗu, gidanku sa'i takwas ke nan. A ware hatsin tun farkon azumi.

Ɗan Kasuwar Hatsi:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai ni a ganina, Hajiya, kalandar gidan da ake noma ba daga Janairu take farawa ba, daga kaka take farawa. Abin da za a ci a azumi da marka yanzu ake ajiye shi. Hatsi ya fi araha daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada a Yuli da Agusta lokacin da rumbuna suka yi ƙasa sabo bai iso ba. Ko a Dawanau haka abin yake tafiya galibin shekaru.

Kada ki yi kirdado. Ki auna abin da gida ke ci mako guda cur, ki rubuta. A ce masara kwano biyar a mako. Buhu mai kwano arba'in zai yi mako takwas, shekara mako 52 ce, buhu shida da rabi ke nan. Ki ƙara rabin buhu don baƙi da suna. Gero a yi masa lissafi daban, domin a azumi kunu da fura suna ninka cinsa. A kalanda ki rubuta ranar da aka buɗe kowane buhu. In ya ƙare kafin mako takwas ɗin, kin san akwai inda yake zurarewa tun ba a kai ga buhu na uku ba.

Wake shi ne mai ba da wahala. In za a ajiye shi har damina, a sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako, kada ya jingina da bango. Abin da ke ɓata shi biyu ne: a zuba shi bai bushe ba ya yi fumfuna, ko ɓera ya huda ledar iska ta shiga ƙwari su farfaɗo. Gwajin bushewa kuwa, ki ciza ƙwaya: in ta fashe ƙaras ta bushe, in ta lotsa a mayar da ita rana. Ki sa ranar duba buhuna sau ɗaya a wata.

Raguna biyu ne a gabanku cikin mako shida ko bakwai, na suna da na layya. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. In akwai wurin ɗauri, a sayi matsakaita a Janairu ko Fabrairu a Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, a ba su maganin tsutsa, a yi kiwo da harawa da dusa. Amma a saka kuɗin abincinsu a lissafi, harawa tana tsada a bazara, wanda bai tanade ta da kaka ba ribar kiwon a nan take tafiya. Taki kuma a saye shi a Afrilu, kada a jira ruwa ya sauka kowa ya ruga kasuwa.

In kina adashe, ki nemi kwasarki ta faɗo Janairu ko Afrilu. Kwasar Agusta a 2026 ba ta tare muku komai sai kuɗin makarantar Satumba.

Shugabar Makaranta:

'Yar'uwa, a ɓangarenmu kada ki kwafi ranakun bara. Zango uku ne dai, Satumba zuwa Disamba, Janairu zuwa wajen Afrilu, sai na uku zuwa Yuli, amma ranakun ma'aikatar ilimi ta jiha ke fitar da su, kuma azumi yana motsa su. A 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun ba da hutu a watan azumi. Ki karɓi jadawalin a rubuce daga kowace makaranta, har da Islamiyya, don hutunsu ba ya cika haɗuwa da na boko.

Na babban yaron shi ne na gaggawa. Kuɗin WAEC ana biyansu watanni kafin jarrabawa, ba a Mayu ba. Ki tambayi makarantarsa ranar rufewa a wannan makon. Rajistar JAMB takan buɗe a farkon shekara kuma ba ta yiwuwa sai da lambar NIN. Abin da ke kayar da yara a nan ba kuɗi ba ne, saɓanin suna ne: a NIN Muhammad, a makaranta Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta. Gyara yana ɗaukar makonni, don haka ki jera takardunsa a tabarma tun Disamba ki duba su harafi-harafi. WAEC takan kama Mayu da Yuni, ke nan Babbar Sallah a tsakiyar jarrabawarsa za ta faɗo. Kada a sa shi cikin masu tafiya ƙauye yawon Sallah sai an ga jadawalin takardunsa.

Uwargida a Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar NIN ɗin nan ban taɓa kawo ta a raina ba. Saura batun haihuwar, tunda ita ba a san ranarta ba, yaya ake rubuta ta? Da kuma batun waya.

Malamar Asibiti:

Hajiya, ranar da aka rubuta miki a katin awo tsakiya ce kawai, mata kaɗan ne ke haihuwa a ranar. Ki ja layi daga mako uku kafin ta zuwa mako biyu bayanta, duk wannan tsakanin maigida kada ya yi nisa. Mako guda kafin farkon layin, jakar asibiti ta zama a haɗe, an san motar da za a kira da dare, an san wanda zai ba da jini in an buƙata, an san wadda za ta zauna da yara. Ranakun awo kuma a rubuta su duka. Watan azumi zai same ki a wata na bakwai zuwa na takwas, ki yi maganar da likita tun a awon Janairu.

In an sauka lafiya, a ranar ki ɗauki biro. Suna ranar da ta zagayo ne, wanda aka haifa Talata sunansa Talata mai zuwa. Allurar farko da ɗigon shan inna ana yinsu da haihuwa, sai mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu, sai wata tara ta ƙyanda da shawara, sai wata goma sha biyar ƙyanda ta biyu. Ki ƙirga su daga ranar haihuwa ki rubuta kwanan watan kowacce. Ta mako shida ita aka fi tsallakewa, domin tana faɗowa daidai gama wankan jego, mai jego ta tafi gida ko tana yawon arba'in, kati yana can a ɗakinta. Kati ya bi jariri duk inda ya je, kowane asibitin gwamnati zai yi masa.

Damina kuma lokacin zazzaɓin cizon sauro ce. A ɗaura gidan sauro tun Mayu. Masu rabon maganin rigakafi na yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar sukan zagayo wata-wata, galibi Yuli zuwa Oktoba. Na kwana uku ne, su ba da na farko, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku, kuma waɗannan biyun ne ake mantawa. Hajiya babba in tana shan maganin hawan jini ko na suga, ki rubuta ranar sayen sabo mako guda kafin na hannu ya ƙare, a kuma kai ta ganin likita a Sha'aban don a daidaita mata lokutan sha kafin azumi.

Mai Gyaran Waya:

Batun waya, Hajiya, a yi duka biyun amma ta bango ce uwa. Ki samo babban kwali fari, ki raba shi gida goma sha biyu, a manna shi inda kowa ke wucewa, ba a uwar ɗaka ba. Kowane mutum da launin bironsa. Adadin kuɗi kada ya hau bango, baƙi na shigowa. Wannan a ƙaramin littafi.

Waya aikinta tunatarwa. Google Calendar yana bari ku haɗa kalanda ɗaya ke da maigida, abin da ɗaya ya sa ɗaya ya gani. Ranakun shuɗin biro kawai za ku saka, da ƙararrawa biyu, ta mako guda da ta kwana ɗaya. Abin da ke maimaita kansa da Miladiyya, kamar haya da inshorar mota da sabunta takardunta, a sa masa maimaici na shekara-shekara. Amma kada a yi wa Sallah ko ranar zakka haka, domin wayar za ta dawo da su a kwanan watan bara, ta makara da kwana goma sha ɗaya. Kwanan watan Hijira da waya ke nunawa ma lissafi ne, yakan saɓa da sanarwar Sakkwato da kwana guda. Haka nan in an ce muku walima daren Juma'a, ku tambaya, don a lissafinmu daren Juma'a shi ne Alhamis bayan magariba, a waya kuwa a gidan Alhamis za a rubuta shi.

Ku tsayar da rana ɗaya a wata, kamar Juma'ar da ta biyo bayan shigar albashi, ku tsaya gaban kwalin minti goma ku duba wata biyu masu zuwa. Katin biki in ya shigo, a ranar za a rubuta shi tare da anko da gudummawarsa. A wannan karon daga ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu za su yi yawa, saboda masu son a ɗaura kafin azumi.