An mayar da ni Abuja: gida zan fara nema ko makarantar yara?

Baban Ikram: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Abuja, ofis yana kusa da Sakatariyar Tarayya. Yarana biyu suna firamare, aji 2 da aji 5. Wasu na cewa Mararaba ta fi sauƙin haya, wasu na cewa Kubwa. Ina zan sa gaba?

Na Dutse: Wa alaikumussalam. Malam, hanya za ka fara dubawa. Mararaba, Ado da Masaka duk a jihar Nasarawa suke, kuma kusan kowa ta Nyanya da Kugbo yake bi ya faɗo shataletalen AYA da ke Asokoro, mashigar cikin garin Abuja. Wanda bai fito da asuba ba ya shiga cunkoso, rarar hayar kuma ta ƙare a mai. Titin Kubwa ya fi faɗi, matsalarsa ita ce fitowa daga cikin unguwa.

Dillali ran Asabar yake kai mutum ganin gida, lokacin hanya fayau. Ka koma ran Litinin ƙarfe 6:30 na safe, ka tashi daga ƙofar gidan zuwa makarantar, daga nan zuwa ofis, kana duba agogo. Haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, galibi kashi 10, ga kuɗin lauya da na ajiya saboda ɓarna. Maƙwabta za ka tambaya, ba mai gida ba: ruwan famfo na zuwa, ko sai 'yan garuwa? Mitar ta kati ce, ko akwai bashin wutar tsohon ɗan haya? Ka kuma duba gindin katanga, inda ruwa ke kwanciya da damina ba ya ɓuya.

Malama Uwar Biyu: Baban Ikram, ka tsayar da makaranta kafin ka biya haya, kuma gida da makaranta su zama a ɓangare ɗaya na babban titi. Ɗan aji 2 ba ya tsallaka titin Kubwa, ko da akwai gadar ƙafa.

Firamaren gwamnati a nan su ake kira LEA, albashin malamansu daga ƙananan hukumomi yake fitowa, shi ya sa yajin aiki ke yawa. A 2025 sun fi wata 3 a rufe. In ta kuɗi ce, ka nemi ganin takardar amincewa daga sashen ilimi na Abuja. Ka je lokacin darasi, ka ƙirga yaran aji, ka buɗe littafin yaro ka ga ko ana duba aiki, ka leƙa banɗaki. A rubuta maka kuɗin zango na farko duka, da na kayan makaranta, littattafai da mota, don a nan ake kama iyaye.

Na aji 5 ɗin shi ne abin lura. Makarantun kuɗi da yawa ba su da aji 6, daga 5 suke tura yara sakandare. Ka tambaya tun yanzu, da kuma ko suna yi wa yara rajistar jarrabawar shiga makarantun tarayya ta NECO.

Kawun Yara: Ƙari kaɗan. Ka karɓo takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe kafin ku baro Katsina, da takardar haihuwa da katin rigakafi. In da hali, iyali su jira hutun Agusta su shiga sabuwar shekara a Satumba. Ka kuma tambayi ƙarfe nawa motar makaranta ke sauke yaro. In sai bayan la'asar ne, Islamiyya ta wuce shi.