Taƙaitawar muhawara kan kumburin huhu mai tsanani

Ga abin da ma'aikatan lafiya na Kano suka tattauna kan cutar da ruwa ke cika huhu har numfashi ya gagara.

1. An yi ittifaƙi cewa na'urar numfashi ta riƙa hura iska kaɗan-kaɗan, mililita 6 ga kowane kilo na nauyin jikin da ya dace da tsayin majinyaci a kowane numfashi, kamar yadda binciken Amurka na 2000 ya nuna, sannan a kwantar da majinyaci rub da ciki.
2. Kai ya rabu kan ba da dexamethasone, wani maganin rage kumburi: wasu sun kafa hujja da binciken Birtaniya na 2020 kan masu korona, wasu sun ce kada a yi kuɗin goro, kuma a ganina hujjar waɗannan na biyun ta fi ƙarfi.
3. Magani da ƙwayoyin halitta har yanzu gwaji ne. A asibitocinmu wadatar iskar oksijin ta fi gaggawa.