Bindigar farauta mai rabuwa biyu: wacce ce ba ta ɓata saiti?

Ɗan Baka:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan bindigar farauta irin wadda ake raba ta biyu a saka a jakar goyo. Tafiyar ƙasa ce ta kwana uku zuwa huɗu, wani lokacin har da jirgin sama, kuma abin harbin bai wuce barewa da makamantanta ba, daga nisan mita 100 zuwa 200. Lasisi da takardun farauta duk suna nan. Abin da ke damuna shi ne ana cewa irin waɗannan bindigogi da an kwance an sake haɗawa sai saiti ya gudu. Gaskiya ne? Kuma wacce za ku zaɓa?

Mai Saiti:

Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe, amma ba duk bindigogin ta shafa ba. Kafin ka dubi suna ko kyau, dubi inda madubin saiti yake zaune: a kan bututu, ko a kan gangar jikin da sakata take ciki, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi?

In madubin yana kan gangar jiki, bututun kuma yana cirewa, to kowane haɗi sai bututun ya koma daidai inda ya baro, in ba haka ba madubi na kallon gabas, harsashi na tafiya wani wuri. Kuma ba gocewa mai yawa ake buƙata ba. A ce wurin da bututu ya shiga jiki tsawonsa santimita 3.5 ne, ya karkace da milimita 0.01 kacal, abin da bai kai kaurin gashi ba. A mita 100 wannan ya zama kusan santimita 3, a mita 200 kusan 6. Ƙwayar yashi ɗaya a mahaɗin ta isa ta yi fiye da haka.

In kuwa madubin a kan bututun kansa aka ɗaure shi, duk inda bututun ya karkata tare suke karkata, saiti bai san an yi ba. Shi ya sa Blaser R8 ta Jamus, wadda ta fito a 2008, ta yi suna: noti biyu ne a ƙarƙashi da ake kwancewa da alanki, madubin kuma yana kama bututun kai tsaye. Browning BLR mai rabuwa ma an huda bututunta don a ɗora madubi can gaba, sai dai dole ka nemi madubi mai nisan ido, irin wanda ake gani ta cikinsa daga nesa da fuska, kuma irinsa ba ya kawo abu kusa sosai. A mita 200 ya wadatar. Merkel Helix kuwa ba ta buƙatar alanki ko sifana, hannu kawai, amma madubinta na kan gangar jiki, don haka ita ce wadda ya kamata ka fi gwadawa kafin ka yarda da ita.

Gwajin kuwa ba wuya. Ka harba uku a takarda daga mita 100, bindiga a kan buhun yashi. Ka kwance, ka haɗa, ka bar bututu ya huce, ka sake uku. Yi haka sau biyar da harsashi iri ɗaya. Abin da za ka auna shi ne tsakiyar kowane rukuni, yadda yake matsawa daga na baya. In bai wuce santimita 3 ba, ta yi wa barewa. Ka lura musamman da harbin farko bayan haɗi, domin shi ne kaɗai wanda dabba za ta ba ka damar yi.

Maƙerin Bindiga:

Malam Mai Saiti ya faɗi gaskiya, zan ƙara ta ɓangaren mahaɗin, don nan ne lalacewa take farawa.

Tsofaffin bindigogi irin su Winchester 1894 da Savage 99 masu rabuwa, bututun murɗa shi ake yi a cikin zaren ƙarfe. Ƙarfe na gogar ƙarfe, bayan shekaru zaren ya cinye, bututu ya fara rawa. Illar ba ta tsaya ga saiti ba. Ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi tana buɗewa, kwanson harsashin ya riƙa miƙewa in an harba, wata rana ya tsage. In za ka sayi tsohuwar hannu, riƙe ƙota da hannu ɗaya, bututu da ɗayan, ka murɗa. Ko motsi kaɗan ka ji, ajiye ta. Kwanson da ya fito da zobe mai haske kusa da gindinsa ma alama ce, a kai wa mai gyara ya auna ratar.

A R8 sakatar a cikin bututun kanta take kullewa, saboda haka ratar ba ta dogara da yadda ka ɗaure noti ba. Duk da haka ka riƙa ɗaure su da ƙarfi iri ɗaya kullum, gwargwadon abin da littafin kamfanin ya ce. Wanda ya matse yau kamar zai karya, gobe ya bari sako-sako, shi ne mai kukan saiti ya gudu.

Kafin kowane haɗi: cire gidan harsasai, buɗe sakata, duba da ido ka tabbatar babu harsashi a ciki. Goge fuskokin mahaɗin biyu da busasshen ƙyalle. Mai ɗan shafawa kawai, giris mai yawa tarkon ƙura ne. Leƙa cikin bututun ta baya, don a jaka zare ko ɗan tsinke na iya shiga. Bakin bututu kuma ka sa masa murfi, domin in gefensa ya bugu da ƙarfe ya lotsa, harsashi zai riƙa fita a karkace, kuma ba madubin da zai gyara wannan.

Tsohon Maharbi:

'Yan'uwa, ni kam ina ganin kun tafi da nisa. Yaron nan nauyi da tsawo ya dame shi, harbi ɗaya kuma zai yi. A ba shi mai karyewa, wato wadda ake lanƙwasawa a tsakiya a buɗe ta, mai cin harsashi ɗaya, irin Blaser K95 ko Merkel K5. Nauyinsu bai kai kilo 2 da rabi ba kafin a ɗora madubi, ba doguwar sakata da ke ƙara tsawo, ka cire katakon gaba ka karya, bututu ya fito da madubinsa. Ka nemi harsashi mai leɓe a gindi, 7x57R ko 7x65R, don ƙarfen da ke ciro kwanso ya fi samun abin kamawa. Aibinta biyu: harbi na biyu sai ka sa da hannu, kuma mara nauyi ta fi naushin kafaɗa.

Sannan kada a ruɗe ka da maganar ƙanƙanta. Bindiga ba ta gajarta ta wuce bututunta. BLR mai bututu santimita 51 a haɗe ta ɗan haura mita ɗaya, a rabe kuwa jakar santimita 60 ta ɗauke ta. In ka gajarta bututu, harsashin .308 na asarar gudun kimanin mita 6 zuwa 9 a sakan a kan kowane inci, wanda ba komai ba ne a mita 200. Amma harsashin magnum, mai yawan albarushi, a gajeren bututu ƙara ce da wuta kawai. Kuma kowace ƙasa da iyakarta, a Amurka inci 16 ne mafi gajarta ba tare da rajista ta musamman ba.

Ɗan Baka:

Na gode, Baba. To Ruger 10/22 mai rabuwa da Henry AR-7 fa? Su na fi gani ana yabawa wajen ƙanƙanta.

Mai Saiti:

Dukansu ƙaramin harsashin .22 LR suke ci, na zomo da tsuntsu ne. Barewa raunata ta kawai za ka yi, kuma wurare da dama doka ta hana. AR-7 kilo 1.6 ce, komai nata na shigewa cikin ƙota ya zama santimita 42, amma ba a nemanta don saiti mai kyau. Ita 10/22 tana da zoben matsewa a mahaɗi: haɗa bututun, matse zoben da hannu, cire bututun, ƙara danna ɗaya ko biyu, sannan ka mayar. Bayan kowane haɗi ka ja sakata ka saki sau biyu ko uku, bindiga babu harsashi, don bututun ya zauna.

Batun jirgi kuma, jakar goyo ba ta shiga. Akwati mai tauri mai kulle ake buƙata, bindiga babu harsashi, ka sanar da ma'aikatan jirgin a wurin auna kaya. Harsasai a kwalinsu, kada su wuce kilo 5 ga mutum ɗaya, wasu kamfanonin ma sai ka nemi izini kwanaki kafin tafiya. Da ka sauka, harba biyu a takarda kafin ka shiga daji.